Yadda ake sayen tikitin wuraren wasa na Dubai da Faris da rangwame ba tare da an damfare ka ba

Duk shekara in hutun makaranta ya matso, daga Yuni zuwa farkon Satumba, za ka ga 'yan kasuwarmu na Garwa da Marwa da Njamena da suka saba zuwa Dubai saro kaya sun fara maganar tafiya da iyali, wasu kuma masu 'yan uwa a Faransa su ce bana sai yara sun ga Disneyland. Toh kuɗin jirgi kowa ya san shi, masauki ma haka, amma tikitin shiga wuraren wasan nan shi ne ke zuwa wa mutum ba zato, domin kai ɗaya ba komai ba ne amma in ka lissafa uwargida da yara huɗu ko biyar sai ka ga kuɗin ya yi tsalle. Shi ya sa kowa ke neman rangwame, kuma rangwamen akwai shi da gaske, sai dai a wurin nemansa ne ake cutar mutanenmu wallahi.

Hanya biyu ce ta halal. Ko ka saya kai tsaye a shafin intanet na wurin wasan ko tagar da ke bakin ƙofarsa, ko ka saya a hannun dillalin da wurin ya ba wa izini. Su dillalan nan suna ɗaukar tikiti da yawa ne a farashin sari, sai su rage kaɗan daga ribarsu su sayar ƙasa da farashin ƙofa. Irin su Klook, GetYourGuide, Tiqets da Headout, a Faransa kuma akwai Fnac da Carrefour masu sayar da tikitin wasanni, a Amurka akwai Undercover Tourist da aka sani da tikitin Disney da Universal na Orlando. Sannan akwai hanya ta uku wadda ba hanya ba ce, wato wani mutum a Facebook ko WhatsApp da zai ce maka yana da tikiti rabin kuɗi ka turo ta Orange Money ko Airtel Money. Za mu zo kansa.

Abu na farko, kar ka sayi komai sai biza ta fito. Na san wannan kamar ba sai an faɗa ba amma mu da muke riƙe da fasfon Kamaru ko na Chadi lissafinmu daban yake da na Bature, shi yana iya sayen tikiti wata uku kafin tafiya hankalinsa kwance, mu kuwa biza na iya makara ko a hana gaba ɗaya, kuma yawancin tikitin rangwame ba a mayar da kuɗinsu. In dole sai ka saya da wuri saboda farashi na tashi, to ka sayi wanda aka rubuta ƙarara cewa ana iya sokewa.

Na biyu ka tsayar da wurin da za ku je da ranar, tun kafin ka fara duba farashi. A Dubai akwai IMG Worlds of Adventure, akwai Dubai Parks and Resorts da aka buɗe a 2016 inda Motiongate da Legoland suke, akwai na ruwa irin Aquaventure da Wild Wadi. A Abu Dabi a tsibirin Yas akwai Ferrari World na 2010, Yas Waterworld, Warner Bros. World na 2018 da SeaWorld da aka buɗe a 2023. Lokacin hutun yaranmu shi ne tsakiyar zafin can, ana wuce digiri 40, kuma kar ka ce ai mu 'yan Kusiri ne mun saba da rana, zafin can da gumi yake haɗe saboda teku, yaro ba zai jure yini a waje ba. Don haka a wannan lokacin ka fi karkata ga waɗanda ke cikin gini da na'urar sanyi, IMG da Warner Bros. da Ferrari World. Global Village kuwa lokacin sanyi kawai yake buɗewa, daga wajen Oktoba, duk wanda ya ce zai sayar maka da tikitinsa don shiga a watan Yuli ka san da wa kake magana. Haka Bollywood Parks an rufe shi tun 2023, in ka ga shafi har yanzu yana tallarsa to shafin ba a kula da shi, ka fita.

Daga nan sai ka buɗe shafin wurin wasan kansa ka sa ranarka da yawan mutanenka, ka bi har matakin ƙarshe kafin biya, ka rubuta jimillar a takarda. Wannan lambar ita ce ma'auninka. Mutane da yawa suna gwada farashin dillali da farashin bakin ƙofa sai su ga kamar sun ci riba babba, alhali shi kansa wurin wasan yana sayarwa da sauƙi a intanet fiye da tagarsa, wani lokaci ma yana yin nasa rangwamen da ya fi na dillalin, musamman tikitin da ya haɗa wurare biyu ko uku kamar yadda na Yas ke yi. Ka duba kuma yadda suke lissafin yara. A Disneyland Paris yaro ƙasa da shekara 3 ba ya biya, daga 3 zuwa 11 farashin yara ne, daga 12 ya zama babba. Wasu wuraren na Daular Larabawa kuma tsayi suke dubawa ba shekaru ba, don haka ɗauki tef ɗin tela ka auna yaranka tun a gida. Aunawar tana da wani amfani ma, lilon da ke gudu sosai irin Formula Rossa mai kai kilomita 240 a awa ba a barin gajeren yaro ya hau, to meye amfanin ka biya cikakken kuɗi wa yaron da rabin kayan wasan za a hana shi?

Yanzu sai ka je wurin dillalai, biyu ko uku sun isa, ka nemi tikiti iri ɗaya sak. A nan ne ake buƙatar natsuwa, don sunan tikitin na iya zama ɗaya amma abin da ke ciki daban. Wani na rana tsayayya ne, wani a buɗe yake ka shiga duk ranar da ka ga dama cikin wasu watanni, wani ba ya aiki ranakun hutu. Disneyland Paris fili biyu ne a wuri ɗaya, akwai tikitin fili ɗaya akwai na biyun, kuma tikitin da ba shi da rana sai ka koma shafinsu ka yi rajistar ranar da za ka zo kafin a bar ka ka shiga, in ranar ta cika shikenan sai dai ka canja. Ka karanta ko lambar QR da za su turo maka ita ce ta shiga kai tsaye, ko kuwa takardar musaya ce da sai ka bi layi a taga an canja maka. Ka duba ko akwai kuɗin hidima da suke ƙarawa a ƙarshe. Sannan abin da ya fi kama mutanenmu, tikitin mazauna ƙasa. Wuraren wasan Dubai da Abu Dabi suna yawan yin rangwame na musamman wa masu zama a can, kuma a ƙofa sai an nuna katin Emirates ID, wato katin shaidar zama a ƙasar. Wani ɗan kasuwa da muke unguwa ɗaya, wani yaro a unguwar Deira ta Dubai ya tare shi kusa da masaukinsa da takardu a hannu ya sayar masa da irin wannan, suka ɗau tasi har bakin wurin, yara sun sha kwalliya suna ta murna, ma'aikaciyar ta ɗora na'ura kan takardar ta ɗago kai ta ce ina katin zama. Babu. Haka ya tsaya a taga ya sayi sababbi a cikakken farashi yaran na jan rigarsa, na farkon kuma kuɗin ya tafi kenan. Araha ba ta ado.

To ta yaya za ka gane dillali mai izini ne? Hanya mafi tabbas ita ce ka tambayi wurin wasan da kansa, duk suna da imel ko wurin hira a shafinsu, ka rubuta musu sunan dillalin ka ce shin kuna karɓar tikitinsa, da Faransanci ko Larabci ko Turanci duk wanda ya sauwaƙa maka. Bayan wannan ka duba adireshin shafin harafi bayan harafi, 'yan damfara suna ƙirƙirar shafi mai kama da na gaske su canja harafi ɗaya tak, kuma sukan biya kuɗi tallarsu ta fito a saman Google, don haka na farko a jeri ba lallai shi ne na ainihi ba. Dillalin gaske yana karɓar Visa ko Mastercard a kan shafinsa, yana da sunan kamfani da adireshi, yana turo rasit. Ba zai ce ka tura kuɗi lambar wayar wani mutum ba, ba zai ce ka yi Western Union ba. Kuma rangwamensa ba ya wuce hankali, kaɗan ne ake ragewa, duk wanda ya ce maka rabin kuɗi a lokacin da wurin ke cike da mutane to ko tikitin na mazauna ne, ko an saye shi da katin sata za a soke shi kafin ka iso, ko an sayar wa mutum biyar hoton QR ɗaya wanda ya riga shiga shi ya ci. Ragowar tikitin wani ma kar ka karɓa, irin a ce ai na kwana uku ne mun yi biyu saura ɗaya, yawancinsu da suna ake ɗaure su, a Disney World na Florida har yatsa ake ɗorawa a ƙofa.

In ajans ɗin tafiye-tafiye na gari ne zai saya maka, wanda ya yi maka biza da tikitin jirgi, ba laifi, da yawa suna aiki da kamfanonin Dubai na gaske. Amma ka ce Alhaji don Allah a ba ni tikitin kansa mai lamba kafin in tashi, ba a ce in na sauka wani zai kira ni ba, kuma a rubuta maka a rasit wane wuri ne, wace rana, mutum nawa.

Sai maganar biya, wadda a wurinmu ita kanta aiki ce. Ka je bankinka ka tabbatar katinka a buɗe yake don sayayya a intanet da ƙasar waje, domin tun da BEAC, babban bankin ƙasashenmu na Afirka ta Tsakiya, ta kawo dokar canji ta 2018 akwai iyakar abin da za ka kashe da kati a waje kafin a nemi takardun shaida, ka tambaye su iyakarka nawa ce. Ka yi sayayyar tun kana gida layinka na aiki, saboda lambar sirrin da banki ke turowa ta SMS a layinka na MTN ko Orange ko Moov take zuwa, in ka sauka Dubai ka cire layin ka sa na can, saƙon ba zai same ka ba, kana zaune a masauki katinka da kuɗi amma ba ka iya sayen komai. Wajen zaɓen kuɗin biya kuma, sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro 1 sefa 655.957 ne ba ya motsi, don haka in farashin da Yuro yake lissafinka a fili yake, sai dai ɗan kamashon banki. Dirhami kuwa, kuɗin Daular Larabawa, da dala yake ɗaure, 3.67 kan dala 1, yana hawa yana sauka a kanmu. In shafi ya ce bari ya canja maka kuɗin da kansa, ka gwada ka gani, sau da yawa canjinsu ya fi na banki tsada kuma shi kaɗai na iya cinye rangwamen da ka wahala kana nema.

Ga yadda nake yanke hukunci ni. Misali dillali ya rage Yuro 10 a kowane tikiti ku kuma ku shida ne, Yuro 60 kenan, sefa dubu 39 da ɗoriya, kuɗi ne mai kyau, ya isa abincin rana a ciki ko kusa da haka. In biza na hannu, jirgi ya tabbata, sharuɗɗan iri ɗaya ne da na shafin wurin, zan saya a wurin dillalin ba tare da wani ɗar ba. Amma in bambancin Yuro 2 ko 3 ne, ko kuma akwai jariri ko tsohuwa a tafiyar da ko yaushe shiri na iya canjawa, na fi son kai tsaye, domin in matsala ta taso wanda ya karɓi kuɗinka shi za ka nema, kuma wurin wasan ba zai gyara maka tikitin da ba shi ya sayar maka ba, ce maka zai yi koma wurin dillalinka, kai kuma ga ka a bakin ƙofa da yara kana aika imel kana jiran amsa.

Da tikitin ya shigo ka buɗe shi nan take ka duba sunaye ko sun yi daidai da na fasfo, ka duba rana da yawan mutane, in akwai kuskure a gyara tun yanzu. In wurin yana da manhaja ka saukar ka shigar da tikitin ciki, in ya karɓa ka san na gaske ne. Ka ɗau hotonsa a waya, ka tura wa uwargida a tata wayar, ka kuma buga shi a takarda tun a gida don caji na ƙarewa kuma intanet na iya ƙi a bakin ƙofa. Kar ka ɗora hoton QR ɗin a status don nuna wa 'yan uwa, wani na iya riga ka shiga da shi. Ranar zuwa ka riƙe fasfo ko kwafinsa, kuma in kana da zaɓi ka sa ranar tsakiyar mako, tun 2022 hutun ƙarshen mako a Dubai da Abu Dabi ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki a ma'aikatun gwamnati, daga Litinin zuwa Alhamis layi ya fi sauƙi.