Yadda za ka kama sauro yana yayyanka bairos ɗin dengue

Ɗalibai suna yawan tambaya wai ya aka yi sauron Aedes aegypti ke yawo da bairos ɗin dengue da Zika da shawara a cikinsa amma ko gezau bai yi ba. Sirrin yana wajen wasu 'yan gutsattsarin RNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan halitta, kuma in kana da lab za ka iya ganin aikinsu da kanka.

Fara sanin abin da kake nema tukuna. Irin wannan bairos in zai hayayyafa a cikin sel dole ya samar da RNA mai igiya biyu, to wannan ne ke tona masa asiri, sai wani furotin mai suna Dicer-2 ya cafke shi ya yayyanka kamar mai yankan kuɓewa, kowane gutsure tsayinsa haruffan RNA 21 cif. Daga nan furotin R2D2 ya taimaka a miƙa gutsuren ga wani furotin, Argonaute-2, shi kuma ya yar da igiya ɗaya ya riƙe ɗayar yana bin sahu da ita, duk RNA na bairos da ya dace da ita sai ya datse shi. Fire da Mello ne suka bayyana wannan dabara a jikin wata tsutsa a 1998, suka ci Nobel a 2006.

Sai zaɓen sel, kuma nan ne mutane ke tafka kuskure. Ka ɗauki Aag2, wato sel na sauron Aedes aegypti da ake renonsa a lab, kar ka yarda da wani sel na sauro mai suna C6/36 duk da saurin girmansa, don Dicer-2 ɗinsa a lalace yake, za ka yi ta jira ba ka ga komai ba.

Ka zuba bairos, ka bar shi 'yan kwanaki, ka ciro RNA da sinadarin Trizol, da safar hannu fa, ka ajiye a firiza mai -80 ka yi addu'a kar a ɗauke wuta. Bayan sikwensin, wato karanta jerin haruffan RNA da na'ura, sai ka jera gutsattsarin a kan RNA na bairos ɗin ka zana tsayinsu. In ka ga tsini a kan 21, kuma daga igiyoyi biyun, to Dicer-2 ya yi aiki. Waɗanda suka faɗo tsakanin 24 da 30 piRNA ne, wata hanya ce daban.

Don ka tabbatar, ka toshe Argonaute-2 a wani kwanon ka sake auna yawan bairos, ya kamata ka ga ya haura na kwanon da ba ka taɓa ba.