Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Dabon Huda Kwat da Wuƙa

Ana yawan tambayar irin kayan da ake buƙata don dabon nan da ake nuna kamar an huda kwat da wuƙa, alhali ba ta huje ba, to ga amsa.

1. Nemi wuƙar cin abinci, gajera, mai dakusasshen baki.

Hattara: kada ka ɗauko wuƙar yankan nama don burge jama'a. Nan ake yanke yatsa, ko a ɓarka rigar mutane.

2. Goge ta har ta yi ƙyalli, don na baya su hango.
3. Zaɓi kwat mai kauri, baƙa ko shuɗiya. Farar kwat tona asiri take yi, fitila na haskowa sai inuwar hannunka ta fito.
4. Yanko jarida mai kusurwa huɗu, kamar santimita 20. Jaridar ce wuƙar ke hudawa, kwat kuwa ko ƙwarzane.
5. Yanko wasu goma na gwaji.
6. Gwada gaban madubi, da tsohuwar kwat ɗinka.