Yadda ake dasa furen jeraniyom mai jure hunturu a Ingila

Fure biyu ake kira jeraniyom a Ingila, kuma nan sabon shiga yake zubar da kuɗinsa. Mai jan furen da ake jerawa a tukwane bakin taga, asalinsa Afirka ta Kudu ne, daren sanyi ɗaya ya ishe shi. Wanda nake nufi shi ne mai jure hunturu, musamman Rozanne, wanda wasu mata da miji suka tsinta a lambunsu a yankin Somerset na Ingila a 1989, aka sa masa sunan matar. Furensa shuɗi ne mai sirkin shunayya, tsakiyarsa fari.

Dashe za ka saya a tukunya, kada ka wahalar da kanka neman iri. Rozanne ba ya yin 'ya'ya, shi ya sa ba ya gajiya da fure tun daga Yuni har sanyi ya kankama. Ka dasa a watan Afrilu ko Satumba, inda rana ke leƙawa ko da rabin yini ne. Inuwa kaɗan ba ta damunsa. Inda ruwa ke kwanciya ne bai yarda da shi ba.

Haƙa rami mai faɗi ninki biyu na tukunyar, ka cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Jiƙa dashen tukuna, ka zare shi a hankali, ka zaunar da shi daidai zurfin da yake a tukunya, kada ka binne masa wuya. Danne ƙasar da tafin hannu, ka ba shi ruwa ya ƙoshi. Bar tazarar santimita 60 tsakaninsa da maƙwabcinsa, don yaɗo yake yi kamar kabewa. Shekarar farko kawai yake son ban ruwa a kai a kai.

Idan rassa suka yi zarara a tsakiyar bazarar Ingila, rage su da almakashi, zai sake tofowa.

Ga inda na sha kunya. Hunturun farko na ga ganyen ya bushe ƙurmus, wurin ya koma fili, na ɗauko shebur zan tone. Maƙwabciyata, wata dattijuwa, ta leƙo ta saman shinge ta ce in bari, barci yake yi. Ka yanke busassun rassan, ka kafa ɗan tsinke don kada ka taka wurin. Yana da nawar tashi, wani lokaci sai Afrilu za ka ga 'yan ganye sun ɓullo. Kafin Yuli, ƙudan zuma sun fi ka zama a wurin.