Yadda za ka tunkari ciwon ɓarin kai ba tare da ka jawo wa kanka wani ba

Duk mai fama da maigiren, wato ciwon ɓarin kai, ya san ba raki ba ne. Kai na sara a gefe ɗaya kamar ana buga ganga a ciki, ga tashin zuciya, haske ma ba ka son gani, ƙarar cokali a faranti kawai sai ta ishe ka, kuma abin zai iya kai awa 4 har zuwa 72 in ba a sha magani ba. Daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Akwai wata babbar jijiya mai suna tirajeminal da ke ɗauko saƙon ciwo daga fuska da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, in ta motsu sai ta saki wani sinadari da ake kira CGRP, shi ne ke rura wutar ciwon.

To abu na farko, samu littafi ko ka buɗe wayarka ka riƙa rubutawa. Ranar da ya tashi, awa nawa ya yi, barcin jiya ya ya yake, ka tsallake abinci ko a'a, wane magani ka sha kuma guda nawa. Mata ku haɗa da kwanakin al'ada, don ciwon ya fi kama ku kusan ninki uku kan maza kuma saukar sinadarin estirojin gab da al'ada na tayar da shi. Ni dai a ganina wannan rubutun ya fi komai amfani, saboda da shi likita zai san ko maganin kwantar da ciwo kawai kake buƙata ko har da na rigakafi. Ka lura da alamun da ke zuwa kafin ciwon ma, yawan hamma, taurin wuya, kwaɗayin kayan zaƙi. Da yawa sai su ɗora wa abin da suka ci laifi, alhali ciwon ne ya riga ya fara tun kafin su ci.

Na biyu, sha magani da wuri, ciwon na fara leƙowa, kar ka ce bari in daure tukuna. Amma nan fa mutane ke faɗawa rami. In kana shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko magungunan maigiren na musamman irin su sumatriptan kwana 10 ko fiye, wata bayan wata, maganin da kansa zai koma haddasa maka ciwon kai kusan kullum, kai kuma ka ga ciwo na ƙaruwa sai ka ƙara sha, haka abin zai yi ta juyawa, wallahi abin tausayi ne. Ƙirga kwanakin. Sannan mai ciwon zuciya ko hawan jini da bai daidaita ba kar ya taɓa sumatriptan sai da izinin likita.

In kina ganin walƙiya ko layi-layi a idonki na minti 5 zuwa 60 kafin ciwon, gaya wa likita kafin ki fara ƙwayar tsarin iyali mai estirojin, don haɗuwarsu na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

In ciwon na yawan kwantar da kai a wata, tambayi maganin rigakafi. Akwai tsofaffi masu sauƙin kuɗi kamar propranolol da amitriptyline da topiramate. Sababbin kuwa CGRP ɗin suke tarewa kai tsaye: a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da allurar erenumab da ake yi sau ɗaya a wata, sai ƙwayoyin kwantar da ciwon in ya tashi irin su ubrogepant a 2019 da rimegepant a 2020, su ba sa matse jijiyoyin jini kamar sumatriptan. Suna da tsada kuma ba kowa suke yi wa aiki ba, shi ya sa yanzu masu bincike suka juya kan wani sinadarin, PACAP, ana gwajin allurar da za ta tare shi.

Amma ciwon kai da ya faɗo maka farat ɗaya da tsananin da ba ka taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko hannu ya mutu, ko magana ta harɗe, ko ya fara maka bayan shekara 50, wannan ba na rubutu a littafi ba ne, asibiti za ka nufa a take.