Yadda za ka yi hulɗa da wakilin rajistar kamfaninka a Amurka

Ɗan kasuwar Damagaram da ke sayar da jakunkuna da takalman fata ta intanet, idan ya so yi wa kamfaninsa rajista a jihar Delaware ko Wyoming domin karɓar kuɗin masu saye, dole ne ya naɗa wakilin rajista. A nan gida, ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da wasu ƙasashen Afirka ke bi, mazaunin kamfani da aka rubuta a RCCM, wato rajistar kasuwanci, shi ne adireshinsa a idon hukuma. A Amurka kuwa kusan kowace jiha tana neman mutum ko kamfani mai ofishi na zahiri a cikinta, wanda ake samu a lokutan aiki, kuma akwatin gidan waya ba ya wadatarwa.

Ka fara da sanin iyakar ikonsa. Aikinsa karɓar sammacin kotu da wasiƙun hukumar jiha da sunan kamfaninka, sannan ya miƙa maka su. Naɗin bai ba shi damar taɓa asusun banki, ko sa hannu a kwangila, ko tsayawa gaban alƙali a madadinka ba. Amma wannan ɗan ikon yana da nauyi, domin ranar da aka damƙa masa sammaci, doka ta ɗauka kai aka damƙa wa, ko da a lokacin kana cikin Kasuwar Dole kana ciniki. A kotun tarayya kwana 21 ne wa'adin mayar da amsa, kuma idan ya wuce shiru, ana iya yanke hukunci a bayan idonka.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin shekara, ka tambaye shi a rubuce: cikin awa nawa yake ɗaukar hoton takarda ya turo ta imel? Wanda zai jira gidan waya ya kawo ambulan har Damagaram, ka rabu da shi tun da wuri. Ka ba shi imel ɗin da kake buɗewa kullum, kuma duk ranar da ka canza lambar waya ka sanar da shi nan take. A ganina a nan ne haɗarin ya fi yawa, domin mutanenmu suna sauya layi ba tare da tuna wa suka ba tsohon ba.

Kada ka ɗauka zai kula maka da haraji, sai dai in kun yi yarjejeniya ta daban. Kamfanin LLC (nau'in kamfani mai iyakantaccen alhaki) da mutum ɗaya wanda ba Ba'amurke ba ya mallaka yakan cike fom 5472 na hukumar harajin Amurka, IRS, kuma tarar rashin cikewa dala 25,000 ce.

Idan za ka canza wakili, ka fara samun sabo, ka shigar da takardar canji a ofishin Sakataren Jiha, sannan ka sallami tsohon. Kamfanin da ya zauna babu wakili, jiha tana iya soke rajistarsa.