Kurakuran da muke tafkawa wajen ɗora sikof a bindiga

Tun farko bari mu raba gari. Irin bidiyon nan na YouTube da ake nuna mutanen Amurka suna sa sabon saiti a tsofaffin bindigogin soja kamar Mosin-Nagant ta Rasha ta 1891 ko Lee-Enfield ta Ingila, to can ne, a nan dokar makamai ta 1959 ta hana farar hula riƙe bindigar soja. Mu a Jos maganar bindigar iska muke yi, ta harbin kurciya da gwangwani, ita ɗin ma sai da lasisin 'yan sanda.

Kuskure na farko siyan sikof, wato madubin hangen da ake ɗorawa a saman bindiga don saiti, ba a auna mazauninsa ba. Yawancin bindigogin iska layin samansu milimita 11 ne, shi kuwa Picatinny, wani nau'in layin da wasu zobban sikof ke zama a kai, wajen 21 ne, sai mutum ya yi oda daga Legas kaya su iso su ƙi zama, daga nan sai wajen mai walda. Don Allah kar ka kai. Adafta ake siya, ko a canza zoben da ke riƙe sikof ɗin, huda da walda ba sa gyaruwa.

Wanda ya ci kuɗina kuma shi ne sikof ɗin da ba na bindigar sifirin ba. Ita mai sifirin dukanta biyu ne, ta yi baya sannan ta fizga gaba, shi kuwa sikof na gama-gari dukan baya kawai aka gina shi ya jure. Nawa ko sati biyu bai yi ba, wata safiya cikin sanyin hunturu can wajen Bukur na leƙa sai na ga zaren ciki ya karkace, ina girgiza shi yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Ka tambaya kafin ka biya, in mai shago ya fara in-ina ka ajiye masa kayansa.

Sai ɗaure noti da ƙarfin tsiya, wai don kar ya motsa, alhali bututun sikof ɗin na alminiyam ne yana lotsewa. A hankali ake bi, wannan kaɗan wancan kaɗan. In yana zamewa baya ne to akwai ɗan ƙusan tsayarwa da ke shiga rami a saman bindigar, shi ne maganin.

Wajen saiti kuma mutane su harba ɗaya su murɗa maɓallin saitin sikof, su sake harba ɗaya su murɗa, har magariba. Harba uku ko biyar tukuna, ka duba inda suka taru sannan ka gyara, kuma da irin dalmar da za ka ci gaba da amfani da ita. In saitin ƙarfe ne ba sikof ba, na baya ana tura shi gefen da kake so harbin ya koma, na gaba kuma akasin haka. Kuma bayan takardar da kake harbi ya zama tudun ƙasa, ba dutse ba, duwatsun Jos suna dawo da dalma.