Kurakuran da ke binne matashin kwatabak tun da sauran ƙarfinsa

A ƙwallon Amurka, kwatabak shi ne madugu: shi ake miƙa wa ƙwallo, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya zaɓi wanda zai jefa wa kafin ƙartai su danne shi. Tsarin NFL kuwa, babbar gasar wannan wasa, ƙungiyar da ta zo kurar baya ita ke fara zaɓen sabbin 'yan wasa, don haka yaron da ya fi kowa hazaƙa yakan faɗa gidan da ya fi kowanne lalacewa.

Daga nan kuskuren farko yake tasowa: a jefa shi fili ba masu tsaron kirki a gabansa. David Carr na Houston Texans, a 2002 sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu. Wanda ya sha irin wannan duka, idonsa yakan bar abokan wasansa ya koma kan masu zuwa buge shi. Gyaran na ƙungiya ne: a fara gina layin tsaro, a ba shi gajerun jifa, ko a zaunar da shi tukuna, kamar yadda Patrick Mahomes, tauraron Kansas City Chiefs, ya yi kakar 2017 a benci a bayan Alex Smith.

Na biyu laifin yaron ne da kansa, wato son ceto wasa shi kaɗai. Sam Darnold na New York Jets, a 2019 'yan ƙungiyar New England Patriots suka cafke masa jifa huɗu a wasa ɗaya, har aka jiyo shi a gefen fili yana cewa fatalwa yake gani. Idan hanya ta toshe, ya jefar da ƙwallon waje, ai ba abin kunya ba ne.

Sai ƙin benci, wanda a ganina ya fi sauran illa. Darnold ya haƙura da zama ɗan canji a San Francisco a 2023 ƙarƙashin koci Kyle Shanahan. Shekara na zagayowa ya kai Minnesota Vikings ga nasara 14 cikin wasa 17, da jifa 35 da suka kai ga ci. Geno Smith ma shekaru ya yi a benci kafin ya farfaɗo a Seattle a 2022. Matashin da ke neman sabuwar ƙungiya, ya fara tambayar wane ne koci da su wa za su tsare shi, maganar kuɗi ta biyo baya.